Ta Ci Tara, Aka Ci Ni Tara

Ni na fara yi musu dariya, ba zan ɓoye ba.
Ina kan bencina a Kagarawal ina ɗinkin takalmi
suka wuce da baro biyu da digar aro
da 'yan itatuwa a baƙar leda, kowanne bai kai kamu ba.
Na ce: kwarin da ya haɗiye ɗakin Baba Manga da rana tsaka,
shi za ku ɗaure da tsinken dalbejiya?

Malama Dudu ba ta tanka ba.
Ta gyara gilashi, ta ƙirga leda, sittin da huɗu.
Yila birkila ya ja igiya daga gindin tsamiya zuwa bakin rami,
yara suka bi igiyar suna haƙa
ƙasar nan tamu mai yashi, marar riƙon amana,
wadda ruwan Agusta ke kira ta bi shi a guje.

Ran Asabar suka dasa.
Ran Talata akuyata ta tsinke.

Ta ci tara, aka ci ni tara.

Da kuɗi suka nema da na fi murna.
Jauro Sambo ya ce: jarka biyu kowace asuba,
har taran nan su sake toho
ko su mutu a kan idonka.

Wa bai san kuɗin ruwa a Gombe ba?
Na saya wurin 'yan garuwa ina ƙunƙuni,
ina shayar da sanduna tsirara,
masu wucewa masallaci suna gaishe ni da aiki,
gaisuwar da ka san da dariya a ƙarƙashinta.

Kwana goma sha bakwai.
Na sunkuya zan zuba, sai ga shi
a wuyan sanda ta huɗu,
kore, bai kai kunnen ɓera ba.
Na duba hagu, na duba dama, ba kowa.
Na ce masa sannu.

Tayoyin da na tara don yankan takalmi
su na mirgina na kewaye su, na sa ƙaya a kai.
Ba wanda ya sa ni.
Matata ta ce cinikin wata guda ke nan na binne.
Gaskiyarta.

Kada in yi muku ƙarya: damina ta zo ta yi ɓarna.
Dare ɗaya kwari ya kwashe sha ɗaya
har da turakun Yila.
Da safe muka tsaya a baki ba mai magana,
sai Dudu ta buɗe littafinta ta soke lamba,
ta ce wa ke da buhu?
Muka cika yashi har azahar,
Kefas da 'yan ƙwallonsa suna miƙo wa 'yan Islamiyya,
Inna Tumba na bin mu da kunun tsamiya a bokiti,
tana faɗan wanda ya zubar da shara a nan jiya,
ta ce ta san shi, ta san uwarsa.

Yau shekara huɗu.
Arba'in da ɗaya ke tsaye, shida cikinsu nawa ne.
Kwarin bai tafi ba, yana nan da bakinsa buɗe,
sai dai bana bai ƙara taku ba.
'Yan makaranta sun taka hanya tsakanin itatuwa,
tsuntsayen da ban san sunansu ba sun kama haya.
Baba Manga bai ga inuwar ba.
Akwai ɗaya da muke kira da sunansa, ta fi kowacce karkata.

Na dawo da bencina nan.
Akuyar na ɗaure da igiya biyu,
tana tuƙa, tana kallon ganye,
ina ɗinki, ina kallonta.