Gayya Ba Ganga

Malama ta turo saƙo, ko fuskarta ban sani ba:
"Ku huɗu ne, rubutu ɗaya za ku yi.
Kowa ya tafi da irin takunsa,
amma ku iso tare ƙarshen zango."
Sau uku na karanta a shagona na Taminus,
wayar wani a buɗe gabana, hanjinta a waje.

Na juya bayan rasit, na ja layi huɗu.
Litinin ta Nanret, Talata ta Dachung,
Laraba ta Ladidi, ni na ɗauki ragowar mako,
don a zatona lokaci kamar batir ne,
in ka ɗaure shi da kyau zai zauna.

Bai zauna ba.

Nanret tana aikin dare a asibitin Bukuru,
sai ƙarfe uku, in masu jinya sun yi barci,
take zuba sakin layi biyu da yatsu masu warin magani.
Dachung yana ban ruwan kabeji a bakin kududdufi,
ba ya samun sabis sai ya hau kan dutse,
yana turo jimla, iska na kaɗa masa riga.
Ladidi a Unguwar Rogo, 'yan biyu a cinya,
da babban yatsa ɗaya take karatun jami'a.

Gayya na sani tun ina yaro:
ganga na bugu, fartanya na sauka tare.
Wannan kuwa gona ce a cikin waya,
ba makaɗi, ba fura a gindin itace,
kowa na zuwa shi kaɗai, ya tarar da sawun wani
bai ko bushe ba.

Sai muka sake shawara, a rubuce, cikin kwana shida.
Ba rana, ba awa. Ƙa'ida biyu kawai:
kada ka goge kunyar da wani ya tayar,
in ka tashi kuma, bar tambaya a bakin aikin
don mai zuwa ya san inda zai sa ƙafa.

Muka zaɓi ramukan kuza.
Na rubuta kakana, da ya taso daga Haɗeja
ya ɗauki kwanon ƙasa a ka har gashinsa ya ƙare.
Da asuba na tarar Dachung ya amsa a ƙasa:
"Gonar da aka haƙa ta kakana ce.
Wace shekara naka ya zo?"
Na daɗe ina kallon wannan layin,
shayina ya huce, sanyin Jos ya shiga ciki.

Ladidi ta yi shiru kwana tara.
Har na fara rubuta ƙararta wurin Malama,
na goge, na sake, na goge.
Daren na goma sai ga shafi guda cur,
ta ɗinke kakannin nan biyu a rami ɗaya,
ta sa su raba gwate a kwano ɗaya,
ta ce, "Yara sun yi ƙyanda. Ku gyara min waƙafi."

Saura mako uku. Ba mu da take,
Nanret na ganin farkon ya yi tsawo,
kuma gaskiyarta ne, nawa ne farkon.

Rasit ɗin nan mai layi huɗu
na naɗe ƙananan kusoshi a ciki jiya.