Tsibirin Sabke

Sallau ya ce in tuɓe takalmi:
nan ba Daura ba ce, garin tsuntsaye ne.
Kwalekwalensa na yoyo,
ina kwalfe ruwa da gwangwanin madara.

Tsibirin bai kai gonar gyaɗar kakata ba.
Zalɓe tsaye da ƙafa guda
kamar mai jiran bashi.
Guza ya ja wutsiya cikin laka,
ya bar mini rubutun da ban iya karantawa.

Ƙwai uku cikin ciyawa.
Na miƙa hannu.
Sallau bai tanka ba,
gora kawai ya buga a ruwa.

Na komo aljihu wayam,
sai ƙarnin kifi,
da taɓo tsakanin yatsu
da na ƙi wankewa
har la'asar ta nemi alwala.