Wuƙar Baba

A ƙarƙashin gadar Ojuelegba na saye shi,
tsohon littafi, bango ya yage.
Labarin mayaƙan Japan ne na dā:
uban gida ya rasu ana girbin shinkafa,
ya bar takobi ɗaya, 'ya'ya biyu.
Babban yana da shekaru,
ƙaramin yana da mutane.

Cunkoso ya riƙe mu a Oshodi,
waya ta yi ƙara.
Nomau ne: "Wuƙar Baba tana hannuna."
Kafin Ikeja sai ga Sallau:
"Hannuna ya riƙe daren da zai cika."

Kwana tara da binne Sarkin Fawa.
A mayankar Oko-Oba
masu fiɗa sun daina gaisawa,
rumfar gabas tana wasa wuƙa
idonta na kan ta yamma.
Iya Risikatu mai sarin kayan ciki
ta ce, wa zan biya bashin Baba?
Na sunkuyar da kai.

A littafin, ƙane ya cinna wa gidan wa wuta,
ya hau gado, ya tarar toka yake mulki.
Shafi uku na ƙarshe babu su,
wataƙila an ƙunshe ƙosai.

Na sauka Agege ana tsuga ruwa,
jini da ruwan sama na bin lambatu guda.
Ni ne na uku. Ba a tambaye ni ba.
Dutsen da Baba ke wasa wuƙar
yana aljihuna tun ranar jana'iza,
ba wanda ya neme shi.