Zaren Gwanjo

A Agege zufa ke tashe ni, ba zakara ba.
Sun ɗauke wuta tun sha biyun dare,
fanka ta tsaya cak da fuka-fukanta uku
kamar wadda aka faɗa wa rasuwa.
Na yi asuba, na jawo kwando,
na ɗora ulu a cinya
a garin da ko ƙarfe gumi yake yi.

Iya Rasaki ta leƙo da bokitinta:
"Hajiya Tasalla, wa zai sa wannan a Ikko?
Ko gasa mutum za ki yi?"
Na ce na jikana ne.
Ta ce, "Wanda ke cikin waya?"
Shi.

Jiya Uwani ta juya min wayar wajen taga.
Gari fari fat,
motoci sun durƙusa an lulluɓe su,
itatuwa tsirara, babu ganye ko na miya.
Ta ce, "Inna, dusar ƙanƙara ke nan."
Ni na san dusa, ta awaki,
na san ƙanƙara, ta mai zoɓo a bakin titin jirgi.
Ban taɓa zaton za su haɗa kai
su toshe wa 'yata ƙofa ba.

Zaren ba sabo ba ne.
Ranar Talata na hau danfo zuwa Katangowa,
Chidubem ya fasa dila,
na tsinci wata suwaita ruwan toka
mai huji a gwiwar hannu,
tana warin kafur da ɗakin wani tsoho
da ban san sunansa ba.
Kwana biyu ina warware ta.
Zaren ya fito a lanƙwashe,
ya ƙi mantawa da jikin farko,
sai da na jiƙa shi, na shanya a igiya
tsakanin zanen Iya Rasaki
da wandunan makarantar 'ya'yan tela.
Wannan zare ya san sanyin can, ya fi ni sani.
Nawa dai in nuna masa hanyar gida.

Ban taɓa goya Sagir ba.
A waya nake awonsa.
"Ɗora hannu a ƙirjinsa, ki faɗa min."
Ɗani biyu da yatsa uku, in ji ta.
To, hannunta ba nawa ba ne,
yaro kuma ba ya jiran tsinke.
Na ƙara layi shida saboda hanya,
na ƙara biyu don ni ce kakarsa.

Biyu sama, biyu ƙasa,
biyu sama.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanuka suka amsa,
ƙidaya ta kuɓuce min.
Ido ɗaya ya zame can ƙasa ban gani ba
sai bayan la'asar.
Na warware layi huɗu ina tsaki,
tabarau na sulɓewa a karan hanci.
Zufa ta ɗigo daga haɓata ta shige saƙar.
Na bar ta.
Ya tafi da ɗan zafin Legas a wuyansa.

Ɗan gidan Alhaji Ɗanlami zai tashi ran Lahadi,
ya ce kilo ɗaya ya rage a jakarsa, ba ƙari.
Uwani na son daddawa, tana son kuka da yaji.
Na kai abin da na saƙa wurin mai nama,
ya share sikeli da gefen riga, ya ɗora, ya yi dariya:
rabi har da ɗoriya, ga hannu ɗaya ban gama ba.
Daddawa za ta jira wani matafiyin.

Bayan isha yara suka kwashe da ihu, an kawo wuta.
Fanka ta farka da ƙarfinta,
ta ture curin zare ƙarƙashin gado.
Na durƙusa ina lalube da tsintsiya,
gwiwa na ƙara,
hannun hagu na jirana a kan tabarma.