Kujerar da Ba Wanda Ya Zauna

Kawu Tanimu ba ya fita sai ya hura gawayi.
A kawo wuta ko a ɗauke, ba ruwansa,
dutsen gugarsa mai zakara a ka
ya girmi uwata da shekara uku.
Farar jallabiya yakan bi ta sau biyu,
wuya da bakin aljihu har sau uku.
Rawani kamu tara, naɗin Wad Madani,
amma hular ciki ɗinkin Kano ce,
garin da bai taɓa gani ba sai a bakin kakarsa.
Hankici a aljihun hagu da ɗigon sandal:
ba na gumina ba ne, in ji shi,
na hawayen wani ne, in an gamu a hanya.

A tashar raksha Gidan Tarihi muke ce masa.
Har da ni, ɗan ƙanwarsa, Allah ya yafe.
In zai wuce sai ya gaishe mu ɗaya ɗaya,
kowa da sunan ubansa,
ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki,
har fasinja ya ƙosa ya hau ta wani.
Barau ya ce gaisuwar nan ta cinye masa kuɗin mai.

Yaron banki ya ɗauka tsohon alƙali ne,
ya miƙe tsaye, ya aika a kawo ruwan sanyi.
Da ya leƙa asusun
sai ya mai da murmushin cikin durowa.
Shekara talatin Kawu na awon auduga a Jazira
bai taɓa dafa sikeli da yatsa ba,
shi ya sa katangarsa har yau ta laka ce.

Surukinsa ya ce girman kai ne aka wanke aka goge.
Hajja Zulai mai shayi a gindin darbejiya
ta ce ku rufe mini baki,
shi kaɗai ke karɓar kofi da hannu biyu,
shi kaɗai bai taɓa ce mini "ke mai shayi" ba.

Ran Laraba rakshata tana gareji,
muka hau safa tare zuwa babbar kasuwa.
A ƙofar asibiti wata yarinya ta shigo,
'yar jami'a, waya a kunne, jaka a kafaɗa.
Kawu ya dafa sanda, gwiwa ta yi ƙara, ya miƙe.
"Bismillah, 'yata."
Ta dube shi daga rawani har takalmi
kamar mai neman inda aka ɗana tarkon,
ta matse jaka, ta ba kujerar baya.
Wani ya tuntsire da dariya can ƙurya.
Kwandasta na kaɗa yatsu, kuɗi kawai yake so.

Na ja bakin rigarsa: Kawu, zauna, ba ta so.
Ya ce, ai na riga na bayar.
Ba tawa ba ce kuma.

Haka muka tafi, mota cike maƙil,
mutum goma a tsaye, gumi na haɗuwa da gumi,
kujera guda a tsakiya babu kowa
sai rana da ta kwanta a kai.
Mai dariyar ma ya dube ta, ya kau da kai.
Duk ramin da muka faɗa
rawanin Kawu ya bugi rufin mota,
ya gyara shi da hannu ɗaya, bai ce uffan ba.

A kasuwa ita ta fara sauka.
A bakin ƙofa ta zare waya daga kunne ɗaya,
ta waiwayo, leɓe ya motsa,
kwandasta ya buga gefen mota, muka wuce.
Ban san abin da za ta ce ba.
Wataƙila canjinta take nema.

Ƙarfen riƙo ya bar masa baƙin layi a hannun riga.
Da magariba ya wanke, ya shanya a igiya.
Da asuba ni na hura masa gawayin.
Ya karɓi dutsen gugar da hannu biyu,
ya yi mini godiya da sunan ubana.