Zanen da Ba Ya Jiran Rana

Ƙarfe uku na dare Kaka Lhaden ta tashe ni.
Ta riga ta ɗaura zanen da ta saƙa
shekarar da aka haifi babana.
Asu ya ci gefensa. Ba ta sani ba, ni ma ban faɗa ba.

Na goya ta, yadda ta taɓa goya ni,
muka bi gefen gonakin jar shinkafa,
muka haye gadar katako mai rufi,
kogin Paro na ta gunaguni a ƙarƙashinmu.
Ba ta fi nauyin damin kirare ba.

Baƙin da nake wa jagora sun riga mu isa,
su shida, hannu cikin safa,
kowa ya saita kyamara yana jiran abin da ya biya.
Jiya sun sha dariyar wawan biki mai jan hanci,
sun tambaye ni nawa ake sayar da fuskar barewa.

Sai dogayen ƙahoni suka yi nishi.
Sufaye masu jajayen tufafi suka ja igiya,
zanen alharini ya fara sauka daga saman bango,
goshi, sannan idanu, sannan hannun Babban Malami,
faɗinsa ya kai masussuka.
An ce duk wanda ya gan shi
laifinsa zai kaɗe kamar raɓa.

Kaka shekara bakwai ke nan
da yana ta rufe mata ido.

"Kuenga, ya sauka?"
Na ce ya sauka.
"To me kake tsaye? Matsa da ni."

Muka shiga layi, hayaƙin turare na shaƙe mu,
fitilun man shanu suna rawar sanyi.
Ta laluba, ta laluba,
ta kama bakin zanen, ta ɗora goshi,
ta daɗe
har na bayanmu suka fara tari.

"Sun sake ɗinkin nan," in ji ta.
"Zaren bana ya fi kauri."

Kafin rana ta leƙo bayan dutse an naɗe shi.
Wata baƙuwa ta nuna mini hotuna arba'in,
ta ce ko ɗaya bai fito ba, duhu ya yi yawa.
Kaka na gefe tana hura shayi mai gishiri,
tana tambaya wa ya ga inda ta ajiye takalminta.