Biyu Daga Cikin Shida

Shida suka zo a kwali ɗaya,
ta hanyar Ƙwanni, bisa buhunan albasa,
kamarsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya.
Muka jera su a ɗakin bayan lakwal, nan Bagalam,
kamar ƴan ɗaki guda sun zo gaisuwa.

Na ba su aiki: su harhaɗa ƙwaya,
wannan da ke zaune can ƙasan tsari
tana raba wa kowa wuri da lokaci,
tana ce wa allo haska, tana ce wa diski juya.
Fayil dubu bisa dubu, a saƙa su zama zane guda.

Huɗu suka gama kafin Tanimun ya sauke shayi na uku.
Biyu kuwa, la'asar ta same su, magariba ta wuce su,
rubutu na rarrafe a baƙin allo
kamar ruwan Gulbi in damina ta juya baya.

Tanimun ya ce kuran ne ya rage ƙarfi.
Na ce sauran huɗun fa, kananzir suke sha?
Baba Ɗanjimma mai gadi ya leƙo, ya ce baki ne.
Na ce bakin wa zai tsallake huɗu
ya zaɓi ta uku da ta biyar?

Na ƙirga hannuwan da na ce su kama aiki:
huɗu-huɗu, ban cuci kowa ba.
Na duba agogo, ko batir ya mutu
sun koma shekarar da ba a haifi Tanimun ba
suna maimaita abin da suka riga suka gama.
Agogo daidai.
Na sauya waya. Na sauya mazauni.
Na fara zargin kaina.

Dare na biyu na bar tambaya, na zauna ina sauraro.
Ta uku takan tashi da gudu kamar ɗan kabu-kabu,
minti huɗu, sai ta sassauta.
Na ɗora tafi a bayanta, na janye.
Tandar masa.
Ma'auni ya ce casa'in da bakwai.
Ashe ba lalaci ba ne, tsoron ƙuna ne,
tana rage taku don ta tsira da ranta.

Na kwance ƙusa huɗu.
A bakin fanka zanzaro ya yi gini,
jar laka, ƙofa ɗaya, babu tsaga,
ya toshe iska ya zuba ƴaƴa.
Na daɗe ina kallo kafin in sa tsinke.
Shi ma harhaɗawa ya yi, loma bayan loma,
kuma ya riga ni gamawa.

Sabon man sanyi, fanka ta numfasa.
Minti arba'in da ɗaya.
Tanimun ya tafa, ya ce buɗe ta biyar,
ƙanen zanzaron na ciki.

Babu.
Cikinta fes, sanyi kamar randa.
Ɗingishi iri ɗaya, ƙaya daban.
Ita jar fitilarta ce ba ta ƙiftawa,
diski na gurnani ba hutu.
Na haska toci: ramin tunani biyu, ɗaya wayam.
Wani, tsakanin bakin teku da nan,
ya zare sanda guda ya sa aljihu,
ya bar ta da ƴar ƙwarya.
Kowane tafin gero sai ta koma rumbu,
ta dawo, ta koma, ta dawo,
daka kaɗan, tafiya da yawa.

Jika bakwai na ba Harisu a babbar kasuwa,
bayan ciniki har na tafi ya kira ni.
Na soka sandar, ta ce ƙas.
Minti hamsin da biyu.

Saura goma sha ɗaya ban san inda suke ba.
Na rubuta a littafi, na ja layi a ƙasa,
na sa alamar tambaya mai girman kofi.

Tanimun na wanke butar shayi.
A bakin taga wani abu na shawagi,
siririn ƙugu, laka a baki,
yana bin na'urorin ɗaya bayan ɗaya,
yana neman wadda ta fi ɗumi.